Ƙulli Uku a Ƙarƙashin Kujera

Duk wanda ya taɓa shiga taksi tare da Hassumi a Alƙahira ya san wata ɗabi'a tasa. Kafin ya gaya wa direba inda za a je, kafin ma ya gyara zama, sai ya ɗan sunkuya kamar mai neman takalmi, ya zura hannun dama ƙarƙashin kujera yana lalube. Wani lokaci ya ɗago fuska ba yabo ba fallasa. Wani lokacin kuma ya ɗago da ɗan murmushi, ran nan ko direba ya ƙara masa kuɗi ba ya musu. Hausawan unguwar Abbasiya sun daɗe da yanke wa abin hukunci: Injiniya ne, lafiyar mota yake dubawa. Har akwai ɗaliban da suka rantse cewa da yatsa biyu yake gane motar da za ta mutu a hanya.

Shi kuwa zare yake nema.

Hassumi ɗan Damagaram ne, daga unguwar dukawa. Ubansa Yakuba da basilla ya ci abinci, haka kakansa. Gidan nasu yana da alama: duk ɗinkin da suka gama, gafaka ce ko matashi ko kuben wuƙa, da jan zare suke rufe shi, ƙulli uku a jere, a inda ido ba ya kaiwa. Ba don mai saye ake yi ba. Don badukun da zai buɗe kayan wata rana ne ya gyara, ya san aikin wa yake taɓawa, ya kama kansa.

Tun yana ƙarami Hassumi ya tsani sana'ar. Hannunsa ya fi na 'yan'uwansa duka, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi. A makaranta 'ya'yan malamai kan toshe hanci in ya zauna kusa da su, wai yana warin fata. Saboda haka da ya sami gurbin karatu a Misira a shekarar 1964, ya shiga jirgi da gafakar da ubansa ya ɗinka masa da kuma alkawarin da ya yi wa kansa, cewa shi da basilla har abada. Zai koma gida da rawani, waɗanda suka toshe hanci su durƙusa su gaishe shi.

Nahawu ne ya kayar da shi, sau biyu. A karo na uku aka yanke masa tallafin karatu. Ya rasa fuskar da zai koma da ita Damagaram, sai ya zauna a Abbasiya yana ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya.

Wata ranar Juma'a yana zaune a gidan shayi, igiyar gafakarsa ta tsinke. Ya waiga hagu da dama bai ga Bahaushe ko ɗaya ba, sai ya ari allura wurin mai shayi ya fara gyara. Wani maƙwabcinsa Bamisire mai suna Kamil, ƙato mai gashin baki, ya ajiye kofinsa ya tsaya kallo.

"Wa ya koya maka wannan, ya Hassumi?"

"Ba kowa."

"To, ka gaishe min da ba kowa. Gobe ka zo mu tafi. An kwashe masu ɗinkin kujerunmu an kai soja, muna da motoci ɗari a tsaye ba wurin zama."

Haka Hassumi ya shiga masana'antar haɗa motoci a 1968. Ba babbar nan ta gwamnati da kowa ya sani ba, wata ƙarama ce a kudancin birni, can gaba da Ma'adi. Kullum da safe ya hau bas zuwa tashar jirgin ƙasa, jirgi ya ratsa gidajen Turawa masu itatuwa, ya sauke shi inda hayaƙi ya fara.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba yakan ɗauka kowane ma'aikaci ya san mota tun daga taya har rufi. Ba haka ake aikin ba. Gangar jikin mota tana tafiya a kan layi, kowa na tsaye inda aka ajiye shi, ya yi abu ɗaya, ta wuce, wata ta zo. Kamil ƙofofin hagu yake ɗaurawa. Na dama na wani mutum ne daban, kuma ba sa ga-maciji da juna. Sashen Hassumi yana can ƙarshen ginin, ɗaki mai warin leda da soso, kekunan ɗinki goma sha biyu. Keke ke yin dogon ɗinki, amma rufe bakin ledar a ƙarƙashin kujera da hannu ake yi. A nan ne, tun makonsa na farko, ba tare da ya yi shawara da kansa ba, ya ga yatsunsa sun ƙulla uku. Washegari ya sayi jan zare a kasuwar Ataba ya sa a aljihu. Ba wanda ya taɓa leƙawa ya gani.

Ranar da ya fara komawa Abbasiya cikin shuɗin kayan aiki da tambarin masana'anta a ƙirji, wani ɗalibi ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Malam Hassumi, wane aiki kake yi haka?"

"Motoci muke haɗawa."

Gaskiya ya faɗa. Kafin sati ya zagayo ya zama Injiniya. Shi bai taɓa furta kalmar da bakinsa ba, kuma ya riƙe wannan hujja gam, yana juya ta a zuciya kamar carbi. Ana kira, yana amsawa, iyakarta ke nan. Sai dai ya san da wannan sunan ya shiga zauren Malam Gidaɗo, dattijon malami ɗan Maraɗi da ya yada zango a Alƙahira bayan aikin hajji bai ƙara gaba ba. Da a matsayin ɗalibin da nahawu ya kora ya je, ko badukun da ke ɗinka wa Misirawa wurin zama, da shayi kawai zai sha ya fito. Injiniya kuwa ya fito da alkawarin Zeinabu. Suka yi aure a 1971, suka haifi Dije, suka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu.

Shekarun nan ya ji daɗinsu. Motocin masana'antarsu suka cika titi, yawancinsu taksi, shi ya sa yake laluben nan. In ya ji ƙulli uku sai ya zauna daram, ya bar direba ya yi ta zagin gwamnati, shi yana kan aikinsa.

Sannan aka buɗe ƙofar ƙasa ga kayan waje. Motoci suka riƙa sauka daga jiragen ruwa, masu sheƙi, masu rediyo, kuma duk wanda ya yi shekara biyu yana aiki a ƙasashen mai da irinsu yake dawowa. A watan Janairun 1977 aka wayi gari an ƙara kuɗin burodi. Ma'aikatan kudancin birni suka ajiye sifana suka fita titi, har da na masana'antarsu. Kamil ya leƙo sashen kujeru yana haki.

"Yalla, ya Hassumi. Ba ka cin burodi ne?"

"Ina ci, Usta Kamil. Amma kai in an kama ka, gidanku za a mayar da kai. Ni jirgi za a sa ni."

Ya wuni a ɗakin ajiya tsakanin tarin soso yana jin hayaniya daga nesa. Kwana biyu gari na ci da wuta, gwamnati ta janye ƙarin. Kamil ya yi kwana arba'in a tsare, ya dawo ya rame, gashin bakin ma ya yi laushi.

Daga nan abin ya riƙa ba Hassumi mamaki, don shi mutum ne mai son sanin abin da ke ƙarƙashin abu. Motocin da suke fitarwa suka koma rabi, suka koma goma a rana, suka koma babu. Kayan haɗi sun daina zuwa. Amma ba a kori kowa ba. Shekara uku cur suna hawa jirgi da safe, su sa hannu a ƙofa, su zauna gefen layin da ya tsaya suna shan shayi suna buga domino, la'asar ta yi su koma gida. Ya tambayi Kamil dalili.

"Tsoronmu suke ji," in ji Kamil. "In sun kore mu rana ɗaya, titi za mu koma. Jira suke mu gaji mu watse ɗaya-ɗaya. Kai ka ɗauka mota ce ba sa so? Taronmu ne ba sa so. Mutum dubu a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa ya san sunan kowa."

Ko haka ne ko ba haka ba, Hassumi bai iya tabbatarwa ba, amma ya ga an watse ɗin. Wasu suka tafi Libiya, wasu Iraƙi. Waɗanda a da ke maganar ƙungiyar ƙwadago suka koma maganar biza, wasu kuma suka tsayar da gemu suka daina buga domino. Mai sayar da wake a bakin ƙofa ya rage tukunya, daga baya ya ɗauke tebur. A farkon 1982 aka liƙa takarda a jikin ƙofar, waɗanda suka rage ba su ma kai yawan da za su tare hanya ba.

Kamil ya sami aikin ɗaukar siminti a Bagadaza. Da suke sallama a tasha ya ce, "Shekara ashirin, ya Hassumi, kuma duk duniya ba mai neman wanda ya iya ƙofar hagu kaɗai. Kai ka more, ko'ina mutane na zama."

Kowane ma'aikaci an ba shi takardar shaidar aiki. Ta Hassumi da baƙi ƙarara aka rubuta: mai ɗinkin kujeru, daraja ta ɗaya, shekara goma sha huɗu. Ya ninke ta huɗu ya cusa a cikin tsohuwar gafakarsa. Matsalar ita ce ikamarsa, wato izinin zama a ƙasa, a kan aikin masana'anta take, kuma saura wata biyu ta ƙare. In bai sami wanda zai ɗauke shi aiki ya sa masa hannu ba, sai Damagaram, shi da matar da a Abbasiya aka haife ta da 'yar da Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta. Kuma duk wanda zai sa hannun, dole ya haɗa da takardar nan, dole ya karanta ta.

Ya bi shagunan Misirawa masu gyaran kujeru a ɓoye, unguwanni masu nisa. Kowanne ya riga ya cika da korarrun ma'aikata 'yan ƙasa, ba mai son wahalar takardun baƙo.

Sai ga Alhaji Sulaimanu. Shi ɗan Tawa ne, ɗan kasuwa a Ataba, yana sayen yadi da turare da tukwane yana aikawa Yamai. Buɗe ƙofar da ta kashe masana'anta shi ƙiba ta sa shi. Ya hau hawa huɗun nan yana nishi, ya zauna ya cika kujera.

"Injiniya, an ce an rufe muku wuri. Ma'alish, sai haƙuri. Wani abin alheri ne."

"Allah ya sa, Alhaji."

"Ya ma sa. Na kama gareji a bayan tashar bas. Tsofaffin motocin waje zan riƙa saye, a gyara, a sayar wa mutanenmu da 'yan ofisoshin jakadanci. Kai nake so. Ikama kuwa ka bar min, hannu ɗaya ne."

Zeinabu tana ajiye shayi ta ce, "Kai, Alhaji, Allah ya saka da alheri."

"Akwai ma wata na jawo jiya, ƙirar Faransa, ta ƙi tashi. Ga makulli. Nan da kwana uku zan leƙo, ka taho min da takardarka ta masana'anta mu wuce ofis gaba ɗaya. Tamam?"

Hassumi ya ji bakinsa ya ce, "Tamam."

Washegari ya sa shuɗin kayansa ya tafi. Garejin rumfa ce mai ƙofar ƙarfe, motar na tsakiya, fara, ƙura ta rufe ta. Ya jawo ƙofar ya rage kaɗan don haske. Kusan rabin sa'a ya yi yana neman inda ake buɗe murfin injin. Da ya buɗu, ya tsaya ya riƙe ƙugu. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Ashe wannan ne ke jan kujerunsa shekara goma sha huɗu. Wayoyi, robobi, ƙarafa sun hau kan juna, kowanne da dalilinsa, kuma ba wanda ya gaya masa dalilin. Ya tuna littafin nahawu. Ya taɓa wata waya, ya saki. Ya shiga ya murɗa makulli, motar ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru.

A zaunen nan ne ya ji wani ƙarfe na sukarsa a cinya. Ya duba. Kujerar direba ta fashe, soso ya leƙo, ta baya kuwa wani ya yi mata faci da zaren buhu. Ya zura hannu ƙasa ya ji yadda Turawa suka rufe tasu: da ƙananan ƙarafa, ba ɗinki. Ya ja tsaki. Kafin azahar yana Ataba yana taya leda ruwan ƙasa, da soso, da babbar allura.

A rana ta biyu ya riga ya kwance kujerun duka ya shimfiɗa su a ƙasa. Yana zaune ya tanƙwashe ƙafa irin zaman ubansa, zare a baki, sai ƙofar ta yi ƙara. Zeinabu ce da kwanon abinci. Bai taɓa tsammanin za ta zo ba. Ta dubi injin da ke buɗe ba a taɓa ba, ta dubi mijinta, ta ajiye kwanon a kan taya.

"Sannu da aiki, Baban Dije."

Ya cire zaren daga baki. "Zeinabu, zauna. Akwai maganar da ya kamata in gaya miki tun kafin a ɗaura."

"Ka ci abinci tukuna, zai huce."

"Ni ba injiniya ba ne."

"To."

"To kawai?"

"Me kake so in ce? Shekara goma sha ɗaya ina wanke maka kayan aiki. Ban taɓa ganin ɗigon baƙin mai ba. Zare nake tsincewa, baƙi da ruwan ƙasa, da wani ja a aljihun dama. Ranar da famfonmu ya lalace, maƙwabci ka kira."

Ya daɗe yana kallonta. Abin da ya taso masa ba kunya ba ce, son sani ne. "To me ya hana ki magana?"

"Kai me ya hana ka?" Ta gyara mayafi ta zauna a kan kujerar da ya gama, ta ɗan danna ta da hannu. "Da na faɗa, da Baba ya ji. Kuma in za a yi suna ko walima a Abbasiya, matar Injiniya a kan kujera ake ajiye ta, ba a bakin murhu ba. Ka ɗauka kai kaɗai ke cin sunan nan?"

"Gobe Alhaji zai karanta takardata."

"Ka ce ta ɓace. Ka nemo wani bakanike Bamisire ya tayar da motar yau, ka biya shi, ka wanke hannu da baƙin mai. Wa zai sani?"

"Sai mota ta biyu fa? Da ta goma?"

"Allah na nan." Ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo. "Amma ɗinkin ya yi kyau. Ban san haka ka iya ba."

Bai nemo bakanike ba. Ya tambayi kansa dalili yana ɗinki, amsar da ya samu ba ta yi masa daɗi ba. Ba tsoron Allah ne ya hana shi ba, ko da yake ya so a ce shi ne. So yake wani ya ga kujerun nan ya san shi ya yi.

Rana ta uku bayan la'asar Alhaji Sulaimanu ya iso. Kujeru sun koma mazauninsu, motar na ƙamshin sabuwar leda. Alhaji ya shiga, ya murɗa makulli. Tari ɗaya, shiru. Hassumi ya miƙa masa takardar ta taga. Alhaji ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Daraja ta ɗaya. Madalla. Gobe da safe mu je ofis."

"Alhaji, ka karanta kuwa?"

"Na yi karatu kafin in shiga kasuwa, Injiniya."

"Ban san komai a injin ba. Murfin ma da ƙyar na buɗe."

"Na sani. Ka tuna shekarar da motata ta mutu a ƙofar gidanku? Ka sauko, ka ga murfi a buɗe, ka ce kana saurin masallaci. Ƙarfe goma na safe. Bakanike na gaske ko gawa yake rakiya sai ya leƙa." Ya yi dariya har tumbinsa na taɓa sitiyari. "Na riga na ɗauki wani Bamisire, jibi zai fara, a baya zai zauna. Bakanike a garin nan sun fi tantabaru yawa. Abin da babu shi ne Bahaushen da ya yi shekara goma sha huɗu a masana'antar mota. Mutanenmu ba sa yarda da Bamisire a kan tsohuwar mota. Amma in Injiniya ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya ce lafiya lau, khalas, magana ta ƙare, an saya."

"To don me ka bar ni kwana uku da ita?"

"In ga ko za ka kawo wani ya gyara ka ce kai ne. Da ka yi haka, da na san wata rana ni ma za ka yi min. Allo na wurin mai fenti: Garejin Injiniya Hassumi. Kai dai ka sa shuɗin kayan nan, ka zauna a gaba, ka sha shayi."

Hassumi ya jingina da motar. Ga ikama ta samu, ga suna bai taɓu ba, takarda za ta shige ofis inda ba Bahaushen da zai gan ta. Duk abin da ya kwana biyu yana roƙo ke nan. Sai dai kalmar shayin ce ta tsaya masa a wuya. Ya tuna layin da ya tsaya, da ƙarar domino, da yadda yatsunsa ke yi masa ƙaiƙayi har la'asar.

"Na yi zaman shayi shekara uku, Alhaji. Ba zan ƙara ba. Ka saya min keken ɗinki, a ajiye shi nan bakin ƙofa. Duk motar da ta shigo, kujerunta nawa ne. Wanda ya tambaye ni injin, zan nuna masa baya. Kuma ba zan ce wa kowa mota lafiya lau ba."

"A bakin ƙofa? Inda kowa ke wucewa? Za ka ɓata min allo."

"Allonka ne, ka rubuta abin da kake so. Ni dai in an tambaye ni zan faɗa."

Alhaji ya shafa kujerar da yake kai, ya bi layin ɗinkin da babban yatsa, ya juya ya dubi ta baya. Hassumi na ganin yadda idon ɗan kasuwa ke aiki: motar da aka jawo kwanan nan kamar bola, yau ciki kamar ɗakin amarya.

"Taurin kai dai na Damagaram," in ji Alhaji. "Keke na hannu zan saya, ba sabo ba."

Bayan kwana tara aka buga masa hatimin ikama, da sana'arsa ta gaskiya a rubuce.

Ranar da aka buɗe gareji ya zauna ƙarƙashin allon yana jiran Abbasiya ta zo ta toshe hanci. Na farko da ya tsaya wani ɗalibi ne ɗan Katsina.

"Injiniya, yau kai ne da keke?"

"Ni ba injiniya ba ne. Baduku ne, ɗan baduku. Kujeru nake ɗinkawa tun farko."

Ɗalibin ya yi dariya ya wuce. Kafin magariba labari ya zaga cewa Injiniya, saboda tsabar tawali'u, har kujera da kansa yake ɗinkawa, kuma wai baduku yake kiran kansa. Wani malami ma ya kawo shi misali a wa'azi. Ya faɗa, ya sake faɗa, har ya gaji. Mutane sun riga sun saba da samun injiniya a cikinsu, a garin da ake kallonsu 'yan ɗaukar kaya da cin tallafi, kuma ba su shirya rabuwa da shi ba. Zeinabu ta yi wata uku tana zagayawa ta wani titi don kada ta gan shi a kan keke. Da ta ga har yanzu a kan kujera ake ajiye ta a gidan suna, sai ta koma kawo masa abincin rana.

A 1986 aka kawo wani tsoho daga Damagaram neman maganin ido, Malam Sada. Alhaji Sulaimanu ne ya ɗauko shi daga asibiti a motarsa. Suna cikin tafiya tsohon ya lalubi ƙarƙashin kujera, ya sa aka juya, wai sai an kai shi wurin wanda ya ɗinka kujerar da yake kai. Alhaji ya riƙo hannunsa har bakin gareji.

"Ga shi nan, Baba. Injiniya ke nan."

"Ba injiniya na ce ba." Tsohon ya juya fuskarsa mai bandeji wajen ƙarar keke. "Kai, wane ne kai a gidan Yakuba baduku?"

Hassumi ya ɗauke ƙafa daga keke. Ya sauko ya durƙusa. "Ɗansa ne, Baba. Hassumi."

"Wanda ya tafi karatu? Rumfata na kallon tasa shekara talatin. Har ya rasu yana gaya mana ɗansa babban malami ne a Misira." Tsohon ya ɗan yi murmushi. "Mu dai muna cewa to."

Alhaji ya yi gyaran murya ya koma wajen mota.

"Hannun na gidanku ne," in ji Malam Sada. "Amma ƙullinka na uku ya yi sako-sako. Da yana nan, da ya sa ka warware."

Hassumi ya shimfiɗa wa tsohon sabon soso ya zaunar da shi. Ya ɗauki allura, ya zaro jan zare daga aljihun dama, ya buɗe ƙofar bayan motar Alhaji, ya kwanta rigingine a ƙasa ya zura kai ƙarƙashin kujera.

"Alhaji, ka ɗan jira," ya ce daga can ciki. "Baba, in na gama ka sake taɓawa."